Sauya Bawul a Amfilifaya: Aikin da Ya Wuce Cire Tsoho a Sa Sabo

Tun da aka ƙirƙiro taransista a ɗakunan bincike na kamfanin Bell a Amurka a shekarar 1947, masana harkar lantarki suka ɗauka cewa kwanan bawul ya ƙare, kuma a rediyo da talabijin da kwamfuta hasashen nasu ya tabbata, amma a fagen sauraron kiɗa da na'urori masu fitar da sauti tsaf, waɗanda ake kira hai-fai, wannan 'yar kwalbar gilashi ta ƙi barin fili. Har yau ana ƙera amfilifaya mai bawul, wato na'urar da ke karɓar saƙon sauti mai rauni daga faifai ko rediyo ta ƙara masa ƙarfi har ya iya motsa sifika, kuma ana ci gaba da amfani da waɗanda aka ƙera fiye da shekara 60 da suka wuce, saboda masu su suna jin wani taushi a muryarsu da ba sa son rabuwa da shi. Sai dai bawul abu ne da aiki ke cinye shi, don haka duk mai irin wannan na'ura wata rana sai ya sauya. Da yake a soket yake zaune, ana zare shi da hannu ba sai an narka dalma ba, mutane da yawa suna ɗauka aikin bai wuce a cire tsoho a cusa sabo ba, kuma wannan zato shi ke ƙona sababbin bawuloli masu tsada, wani lokaci har da taransifomar da samun madadinta ke da wuya. Bawul yana iya mutuwa don tsufa, yana kuma iya mutuwa don wani abu a cikin na'urar ya kashe shi, kuma rarrabe waɗannan biyun shi ne ainihin aikin mai gyara.

Fahimtar hakan tana buƙatar sanin abin da ke cikin kwalbar. An zuƙe iskar cikinta kaf, a tsakiya kuma akwai wani siririn bututun ƙarfe da ake kira katod, wanda aka shafe shi da sinadaran bariyam da sitirontiyam, a cikinsa akwai zaren waya da ke ɗumama shi har zafinsa ya kai digiri 700 zuwa 800 a ma'aunin Salshiyas. Idan ya ɗauki wannan zafi sai ya riƙa sakin ilektaron, wato ƙananan ƙwayoyin da tafiyarsu ita ce wutar lantarki, su kuma su ruga zuwa wani farantin ƙarfe da ya kewaye katod ɗin, domin an ɗora wa farantin matsin wuta na ɗaruruwan bolt da ke jawo su. Asalin wannan tsari na John Ambrose Fleming ne, wanda ya fito da shi a Landan a 1904, bayan shekara biyu kuma Lee de Forest na Amurka ya ƙara wata 'yar ragar waya tsakanin katod da faranti, wadda ita ce ta mayar da bawul abin ƙara ƙarfin sauti. Ragar tana aiki ne kamar manomin rani da ke tsugune a bakin magudana yana ɗan toshewa yana ɗan buɗewa, ƙaramin motsin hannunsa ne ke hukunta yawan ruwan da zai shiga fangali. Akwai wani matsin wuta mai korar ilektaron da ake ajiyewa a kan ragar koyaushe, tun kafin sauti ya shigo, ana kiransa bayas, kuma shi ne ke hana bawul zuƙar wutar da ta fi ƙarfinsa. Kusan duk bala'in da ke afka wa manyan bawuloli daga lalacewar bayas yake farawa.

Na'urar da ta fi dacewa a yi misali da ita ita ce Dynaco Stereo 70, wadda kamfanin David Hafler ya fitar a birnin Filadelfiya a 1959, aka sayar da fiye da guda 300,000, da yawansu a warwatse cikin kwali domin mai saye ya harhaɗa da kansa. Tana da bawul 7 masu aiki iri uku. Akwai ƙanana 2 masu lamba 7199 da ke karɓar sauti su fara ƙara masa ƙarfi. Akwai manya 4 masu lamba EL34, biyu a ɓangaren hagu biyu a na dama, kowane biyu suna aiki a haɗe, ɗaya na turawa ɗaya na jawowa, suna ba da wat 35 a kowane ɓangare ta cikin taransifomar sauti. Sannan akwai guda 1 mai lamba GZ34, wanda aikinsa shi ne mayar da wutar gida mai kai da komo zuwa wuta mai tafiya fuska ɗaya. Waɗannan iri uku ba tare suke tsufa ba. Manyan su ne ke shan wahala, kuma abin da aka saba ƙiyastawa shi ne awa 2,000 zuwa 3,000 na aiki kafin su raunana, alhali ƙananan suna iya kai awa 10,000, wasu ma suna nan da ransu tun daga masana'anta. Saboda haka al'adar kwashe duk bawulolin na'ura a zubar a lokaci guda asarar kuɗi ce, kuma sau da yawa ana jefar da tsohon ƙaramin bawul mai kyau ne a sa wanda bai kai shi ba.

Mutuwar tsufa a hankali take zuwa, domin shafen da ke jikin katod ne ke ƙarewa, sai sautin ya rage kauri, amon ƙasa ya yi laushi, na'urar ta fara shaƙewa idan an ƙara murya, kuma da yake kunne yana sabawa da abin da yake ji kullum, mai na'urar ba ya farga sai an sa sabo ya ji bambanci. Mutuwar farat ɗaya kuwa tana barin shaida a jikin kwalbar, kuma ido kaɗai yana karanta da yawa daga ciki. A saman kowane bawul ko a gefensa akwai wani tabo mai sheƙin azurfa ko baƙi-baƙi kamar bayan madubi, ana kiransa geta, wato bariyam ne da aka fesa a cikin gilashin lokacin ƙira domin ya tsotse ragowar iska. Muddin tabon yana sheƙi to kwalbar a rufe take, amma idan ya koma fari fat kamar alli, iska ta shiga ta wata tsaga, bawul ɗin ya gama aiki ke nan ba shi da magani. Wani shuɗin haske mai laushi da ake gani manne da jikin gilashin manyan bawuloli a cikin duhu ba cuta ba ne, ilektaron ne ke bugun gilashin, kuma an zubar da lafiyayyun bawuloli da yawa saboda tsoronsa; wanda ake gudu shi ne haske mai launin shunayya ko ruwan hoda da ke cika tsakanin sassan ƙarfen na ciki, domin shi alamar iska ce. Mafi muni duka shi ne farantin ya yi ja. Zaren ɗumama a tsakiya dama yakan yi ɗan hasken lemo, wannan daidai ne, amma idan faffaɗan farantin mai launin toka ya fara yin jajawur kamar garwashi, wutar da ke ratsa shi ta wuce ƙa'ida, kuma dole a kashe na'urar nan take, domin cikin 'yan mintoci bawul ɗin zai lalace, yana kuma iya tafiya da taransifomar sauti.

Kunne ma yana da nasa rabon. Ƙugi mai kauri da ba ya canzawa ko an rage murya, da huci, da ƙaras-ƙaras mai zuwa yana ɗaukewa, duk suna iya fitowa daga bawul, haka kuma ƙaramin bawul da sassansa na ciki suka saki yakan zama kamar makirfo, idan aka ɗan ƙwanƙwasa shi da bayan fensir sai a ji ƙarar ta fito ta sifika tana amsa kuwwa. Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da mai laifi, wadda ba ta buƙatar kowace na'urar gwaji, ita ce musanya: a kashe amfilifaya, a bari ta huce, a ɗauki bawul ɗin da ake zargi daga ɓangaren hagu a kai shi dama, na dama ya dawo hagu. Idan matsalar ta bi shi ta koma ɗaya sifikar, to shi ne. Idan kuwa ta tsaya inda take, bawul ɗin ba shi da laifi, cutar tana cikin na'urar, kuma ko sabo nawa aka saya ba za ta tafi ba. Guda ɗaya ake musanyawa a kowane gwaji, sannan ba a yin wannan gwaji da bawul ɗin da ya riga ya yi tartsatsi ko ya ƙona fiyus, domin zai iya lalata ɓangaren da ke da lafiya.

Kafin a kai ga buɗe cikin na'urar wajibi ne a faɗi haɗarin da ke wurin ba tare da sassautawa ba. Amfilifaya irin wannan tana aiki da bolt 400 zuwa 500, kuma akwai manyan kafasitoci, wato sassan da ke tara wuta su riƙe ta, waɗanda suke iya ci gaba da riƙe wannan matsi bayan an kashe na'urar an zare wayarta daga bango, kuma abin da suka riƙe ya isa ya tsayar da zuciyar mutum. Masu sana'ar suna sauke wannan wuta ta cikin rizista, wato sashen da ke rage gudun wuta, sannan su auna da mita su ga ta sauka kafin su sa hannu, idan kuma dole ne su yi awo na'urar tana kunne, hannu ɗaya suke amfani da shi, ɗayan yana aljihu, don kada wuta ta ratsa ƙirji daga hannu zuwa hannu. Zare bawul daga sama da sa wani abu ne da mai na'ura zai iya yi da kansa, amma buɗe ƙarƙashinta aikin wanda ya koya ne. Akwai kuma ƙa'idar da ta saɓa wa abin da masu amfilifayar taransista suka saba da shi, wato ba a taɓa kunna mai bawul ba tare da sifika a haɗe ba, domin idan taransifomar sauti ba ta da inda za ta sauke ƙarfinta, matsin wuta yana tashi a cikinta har ya huda rufin wayoyinta.

Idan babban bawul ya yi ja ko ya ƙona fiyus, tambayar farko ita ce me ya taɓa bayas ɗinsa, kuma a tsofaffin na'urori wanda aka fi kamawa da laifi shi ne wata ƙaramar kafasita da ke tsakanin ƙaramin bawul da babba. Aikinta shi ne ta bar sauti ya wuce ta tare babban matsin wutar da ke gefe guda, amma irin na da, masu takarda a ciki, suna shan danshi da shekaru su fara yoyo, sai matsin ya tsallako kan ragar babban bawul ya cinye bayas ɗin, ragar ta buɗe gaba ɗaya. Sabon bawul da aka sa a wannan soket zai yi ja kamar na farko, mai shi kuma ya zargi mai shago da sayar masa da jabu, alhali kafasitar da ta jawo abin kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin bawul ba. A Stereo 70 akwai wani wuri na biyu da aka sani da rauni, wato sashen siliniyam da ke samar da wutar bayas, wanda ƙarfinsa ke raguwa da tsufa, shi ya sa masu gyara ke maye gurbinsa da dayod na silikon tun kafin ya mutu. Soket ɗin kansa ma abin tuhuma ne. A EL34 ƙafa ta 5 ita ce ta raga, kuma idan bakin ƙarfen da ke kama ta ya saki ko ya yi tsatsa, bayas ya yanke ke nan. Ƙafa ta 3 kuwa ita ce ta faranti mai ɗauke da ɗaruruwan bolt, tana maƙwabtaka da ta 2 ta zaren ɗumama, kuma idan ƙura da danshi suka taru tsakaninsu wuta takan tsallaka ta bar baƙin layin gawayi, wanda shi kansa yana ɗaukar wuta, don haka soket ɗin da ya yi wannan tabo sai dai a canza shi, gogewa ba ta fisshe shi. A ƙarshe, bawul da ya mutu da tartsatsi yakan ƙona rizistar da ke kusa da shi, dole a auna ta. Fiyus kuma da irinsa ake maye shi, na Stereo 70 ta Amurka amfa 3 ne, kuma ɗaura masa zaren waya don ya daina yankewa daidai yake da miƙa taransifoma ga wuta.

Sai bayan an tabbatar na'urar tana da lafiya ake maganar saye, a nan kuma lambobin da ke jikin gilashi suna da ma'ana. A tsarin Turai na kamfanonin Philips da Mullard, harafin farko yana nuna wutar zaren ɗumama, E na nufin bolt 6.3, G kuma bolt 5. Harafi na gaba yana nuna aiki, L babban bawul na fitar da sauti, C mai raga ɗaya, Z mai daidaita wuta. Lamba mai farawa da 3 tana nufin gindi mai ƙafa 8, mai farawa da 8 kuma ƙafa 9. Amurkawa suna da nasu tsarin, shi ya sa bawul ɗaya ke da suna biyu, ECC83 shi ne 12AX7, EL84 shi ne 6BQ5, GZ34 shi ne 5AR4. Abin da ke ruɗar mutane shi ne bawuloli da yawa suna shiga soket ɗaya ba tare da sun zama abu ɗaya ba. ECC83 yana ninka saƙo sau 100, ECC82 mai kama da shi sak bai wuce sau 20 ba. Zaren babban bawul mai lamba 6L6 yana jan amfa 0.9, na EL34 yana jan 1.5, don haka sa EL34 guda 4 a na'urar da aka yi wa 6L6 ƙarin kaya ne mai nauyi a kan taransifomar wuta, ban da bambancin bayas da na haɗin ƙafa ta 1. Haka 5U4 yana shiga gurbin GZ34, amma yana jan amfa 3 a maimakon 1.9. Bawul ɗin Tarayyar Sobiyet mai lamba 6N2P ya yi kusa da ECC83 a aiki, sai dai haɗin zarensa daban ne, ba ya zama sai an sake waya. Shi kuwa 7199 na Stereo 70 ya yi ƙaranci a kasuwa, har masu ita da yawa sun koma sa 6GH8A ta hanyar wani ɗan soket mai juya ƙafafu.

Masana'antun da suka yi suna a zamanin da, irin ta Mullard a Blackburn ta Ingila da na RCA da Telefunken, sun daina wannan aiki tuntuni, kuma yau duniya ta dogara ne da wurare 'yan kaɗan: kamfanin JJ Electronic a Sulobakiya, da masana'antar birnin Saratov a Rasha wadda kamfanin New Sensor na Amurka ya mallaka, da wasu masana'antu a ƙasar Sin, sai Western Electric da ke ƙera bawul mai lamba 300B a jihar Jojiya ta Amurka. Ƙarancin ya fito fili a watan Maris na 2022, lokacin da takunkumin da ya biyo bayan yaƙin Yukiren ya girgiza fitar da kaya daga Rasha, farashi ya yi tashin gwauron zabo, shaguna suka riƙa ƙayyade abin da mutum zai saya. Yana da kyau mai saye ya san cewa sunayen Mullard da Tung-Sol da Gold Lion da ake gani a sababbin kwalaye yau na bawulolin Saratov ne, an sayi sunan ne kawai, wanda hakan ba aibi ba ne muddin an san abin da ake saye. A gefe guda akwai kasuwar tsofaffin bawuloli da aka ƙera tun da amma ba a taɓa amfani da su ba, waɗanda ake sayarwa ninkin ba ninkin, kuma a cikinta ne maguɗi ya fi yawa, domin buga tambari a gilashi ba wuya, gajiyayyen bawul kuma da sabo kamarsu ɗaya a ido. Gaskiya ne cewa wasu na da sun fi na yanzu ƙarko, amma muhawarar da masu sha'awa ke tafkawa kan wane suna ya fi daɗin murya ta fi ƙarfin bambancin da ke akwai, kuma matsakaicin bawul na zamani da aka auna aka daidaita bayas ɗinsa ya fi shahararren tsoho da aka cusa da ka. Abin da ya cancanci a biya kuɗi a kansa shi ne mai sayarwa da ke gwada kayansa a matsin wuta na gaske, ya rubuta sakamakon a kwali, ya kuma yarda a dawo masa da wanda ya gaza.

Manyan bawuloli ana sayen su ne bibbiyu ko hurhuɗu waɗanda aka auna aka ga suna jan wuta daidai da juna, kuma Stereo 70 tana nuna dalilin a sarari. Abin murɗa bayas guda ɗaya ne ke kula da bawul biyu na kowane ɓangare, awon da ake yi kuma jimillar su biyun yake nunawa, saboda haka idan ɗaya yana jan miliamfa 70 ɗayan yana jan 30, mita za ta nuna daidai abin da za ta nuna da a ce kowanne yana jan 50, alhali ɗaya yana ƙonewa ɗayan yana zaman banza. Wannan rashin daidaito yana kawo ƙugi, yana kuma sa ƙarfen taransifomar sauti ya ƙoshi da maganaɗisu har amon ƙasa ya dagule. Shi ya sa idan ɗaya daga cikin biyu ya mutu bayan doguwar hidima ake sauya su tare, a ajiye mai ran don gwaji ko ranar larura.

Wajen zarewa, a bar na'urar ta huce na aƙalla minti 10, domin gilashin babban bawul yana haura digiri 200. Mai ƙafa 8 ta gindinsa na roba ake kama shi, ba ta gilashi ba, saboda gam ɗin da ya haɗa su yana saki da tsufa, sai a ɗan jijjiga shi kaɗan ana ja sama. A tsakiyar gindin akwai turke mai ɗan tudu a gefe guda wanda ke shiga wata tsaga a soket, shi ke hana a sa bawul a karkace, kuma idan turken ya karye sai an yi taka-tsantsan matuƙa, domin kuskuren ƙafa ɗaya yana aika babbar wuta inda ba ta dace ba. Masu ƙafa 9 ba su da turke, giɓi ne tsakanin ƙafa ta 1 da ta 9 ke nuna fuska, ƙafafun kuma kai tsaye daga gilashi suka fito, don haka lanƙwasa su da ƙarfi yana tsaga kwalbar. Taɓa gilashin da yatsa ba ya cutar da bawul, illa dai rubutun jikinsa yana gogewa da sauƙi, don haka yana da amfani a rubuta gurbin kowanne a takarda kafin a fara.

Kunnawar farko bayan gyara ita ce lokacin da aka fi yin asara, shi ya sa masu sana'ar ke haɗa ƙwan fitila irin na da mai zare, na wat 100, a jere da wayar wutar na'urar. Idan lafiya lau ne, ƙwan zai haska da ƙarfi na ɗan lokaci sannan ya dushe. Idan akwai inda wuta ke gajarce hanya, zai tsaya da haskensa, ya kuma shanye wutar da da ta ƙona wani abu. Ana cire shi kafin a daidaita bayas, domin yana rage matsin wuta ya ɓata awo.

Daidaita bayas a Stereo 70 aiki ne mai kyan tsari. Dynaco ta sa rizista mai om 15.6 a ƙarƙashin katod na kowane bawul biyu, ta fito da wurin awo a gaban na'urar ta rubuta 1.56 a jikinsa, domin idan miliamfa 100 ta ratsa om 15.6, wato 50 ga kowane bawul, matsin da zai bayyana bolt 1.56 ne. Ba a banza aka zaɓi wannan lamba ba: ita ce matsin sabon batirin tocila na wancan zamani, saboda mai mita mai araha da ba a amince da ita ba ya fara auna batiri, ya lura da inda allura ta tsaya, sannan ya murɗa bayas har allurar ta koma wurin. Kafin a kunna da sababbin bawuloli ana murɗa abin daidaitawar zuwa inda wuta ta fi ƙaranci, domin an bar shi ne a inda ya dace da gajiyayyun da aka cire, sababbi kuwa a wannan matsayi za su ja fiye da kima. Sai a kunna ba tare da kiɗa ba, sifika a haɗe, baƙar wayar mita a jikin ƙarfen na'urar, ja a wurin awo, a riƙa ɗagawa a hankali da sukudireba ana duban farantan, a koma ɗaya ɓangaren, a sake dawowa, domin su biyun daga tushe ɗaya suke shan wuta, taɓa ɗaya yana motsa ɗayan. Lissafin da ke bayan wannan mai sauƙi ne. Farantin EL34 ba ya jure fiye da wat 25, kuma bolt 420 sau miliamfa 50 ya ba da wat 21, wanda ya yi kusa da iyaka. Masu gyara da yawa suna bin ƙa'idar kada a wuce kashi 70 cikin 100 na iyakar, don haka suke tsayawa a bolt 1.3 zuwa 1.4, musamman da yake an tsara na'urar ne a kan wutar gida ta bolt 117, ta Amurka a yau kuwa ta haura haka. Ɗan abin da aka rasa na ƙarfi kunne ba ya kama shi, bawul kuwa yana samun ƙarin kwana, kuma wannan ciniki ne mai riba.

Ba kowace amfilifaya ke buƙatar wannan murɗe-murɗe ba. Quad II, wadda Peter Walker ya fitar a Ingila a 1953 da bawul KT66 guda 2, tana samar da bayas ɗinta da kanta ta hanyar rizista mai om 180 a ƙarƙashin katod, wadda ke ƙara matsin korar ilektaron duk lokacin da kwararar wuta ta ƙaru. A irin wannan tsari babu abin murɗawa, amma rizistar tana shan zafi shekara da shekaru har ƙimarta ta kauce, kafasitar da ke gefenta kuma ta bushe, don haka auna su biyun yana cikin aikin sauya bawul. Ƙananan bawuloli kusan duka haka suke daidaita kansu, su kam ana sa su ne kawai.

Wanda ya shigo da irin wannan na'ura Nijeriya ko Nijar yana da ƙarin abin lura. Wutar gida a nan bolt 220 zuwa 230 ce mai juyi 50 a daƙiƙa, don haka ƙirar Amurka tana buƙatar taransifomar rage wuta, kuma tata taransifomar, da aka yi wa juyi 60, za ta fi ɗaukar zafi, ga kuma zafin bazara a kai, saboda haka ba a kulle ta a cikin kabad. Hawa da saukar wuta suna shafar zaren ɗumama kai tsaye, wanda aka so ya tsaya kusa da bolt 6.3, suna kuma motsa bayas, ta yadda awon da aka yi da rana wuta tana ƙasa zai iya zama haɗari da tsakar dare idan ta cika. Sitabilaiza mai kyau tana magance yawancin wannan, kuma da ita a haɗe ya kamata a yi awon. Mafi cutarwa shi ne a ɗauke wuta a dawo da ita cikin daƙiƙoƙi, ko a juya daga layi zuwa janareta na'urar tana kunne, domin GZ34 an yi shi ne ya ɗumama a hankali ya saki babbar wuta sannu-sannu, amma idan wuta ta dawo yana da zafi, kafasitoci kuma sun fara saukewa, sai su fizgi wuta a lokaci guda ya yi tartsatsi a ciki. Da zarar an ɗauke wuta a kashe makunnin, a jira minti 2 ko 3 kafin a sake kunnawa. Ƙurar hunturu kuma a riƙa share ta daga kewayen soket da busasshen buroshi, na'urar tana kashe kuma a sanyaye.

Sababbin manyan bawuloli ba sa zama wuri ɗaya a kwanakin farko, kwararar wutarsu tana ɗan motsawa kafin katod ya daidaita, don haka ana sake awon bayas bayan minti 20 zuwa 30 da kunnawa, a sake bayan awoyi kaɗan na aiki, a kuma sake bayan mako guda, daga nan sai duk bayan wata 3 zuwa 6. Yana da amfani a rubuta ranar da aka sa su da lambar da mita ta nuna a wata takarda a manna a ƙarƙashin na'urar, domin ranar da aka murɗa abin daidaitawar har ƙarshe amma awon ya kasa kai inda yake kaiwa a da, katod ɗin ya ƙare, lokacin sayen wasu biyun ya yi.